Bizar Ganin Jika, Ban da Guduma

Zuwa ga Ɓarauniyar Fensir,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da take gaishe ni kowace safiya, da kunnen da ƙarar injin yankan katako ta tafi da rabin jinsa.

Kada ki tsaya juya ambulan kina neman ko wane ne. Ni ne kafinta. Ni da kakarki ta wajen uwa 'ya'yan wa da ƙani ne. Sau ɗaya aka taɓa kawo ki shagona kina 'yar mitsitsiya, kika zare fensir daga bayan kunnena kika cusa a riga, har yau ban sake ganinsa ba. Mahaifiyarki ce ta ba ni adireshinki. Rubutun nan kuma nawa ne da hannuna, ba wanda ya rubuta mini. Na shiga makarantar yamma ta manya bayan furfura ta gama cin kaina, saboda haka idan kin ga harafi ya karkace, ki yi masa uzuri, shi ma tsoho ne.

Ga labari. Tilo ta haihu. 'Yata tilo ta haifa mini jika, mace, a ƙasar da kike. Ranar da aka nuna mini hotonta a waya na fita ƙofar shago na tare duk wanda ya zo wucewa, har mai kawo takardar kuɗin wuta sai da ya gan ta. Tela maƙwabcina ya ce duk jarirai kamarsu ɗaya. Na ce masa shi ya sa ɗinkinsa duk kamarsu ɗaya. Yarinyar nan goshin marigayiya matata ta ɗauko sak. Na yi sabuwar amarya ke nan, ke kuma sai ki yi haƙuri, an shige gabanki.

Tilo tana aikin kula da tsofaffi a wani gari mai nisa da naki, mijinta kuma karatu yake yi. Sai da aka yi mata tiyata, amma ta samu sauƙi. Ta ce in zo tun tana hutun haihuwa, domin idan ta koma aiki ba mai zama da ni, ita ma yarinyar gidan reno za a riƙa kai ta. Da uwarta na raye ita ce za ta tafi. Yanzu ni ne uwa, ni ne uba, kuma ina so in ɗauki yarinyar nan a hannuna tun tana ƙanshin jarirai.

To sai batun biza. Tilo ta aiko takardar gayyata, na yi fasfo, mai shagon kwamfuta zai cike mini fom. Amma kaina ya ɗaure. Wani ya ce biza ɗaya ce, wani ya ce iri-iri ce kamar ƙusa. Wani ya ce akwai kuma takardar izinin aiki dabam. Ita bizar ce izinin, ko izinin ne bizar, ko kowa da gidansa? Ba na son damun mai jego da tambaya, waya kuma ba na jin abin da ake faɗi a cikinta. Uwarki ta ce kin daɗe a can, kin san kan takardu. Ki yi mini bayani da manyan baƙaƙe.

Na riga na fara haɗa wa amarya gado. Katako mai kyau na ware tun cikin yana wata huɗu, ban gaya wa kowa ba.

Kakanki mai farin ciki,
Kafinta

*

Zuwa ga Kaka Kafinta,

Na gaishe ka da kyau, tsoho mai ran ƙarfe. Barka da samun amarya, Allah ya raya ta, ya ba mai jego lafiya. Ni ma lafiya nake, sai ciwon baya na tsayuwa, domin aikina rarraba kaya ne a wani babban ɗakin ajiya, daga safe ina ɗaga kwali ina saukewa. Batun fensir kuwa, ba ni da masaniya, kuma ba ka da shaida.

Mama ta zuga ni da yawa. Ban san kan takardu ba, Kaka, wuyarsu kawai na sha. Amma ga abin da na fahimta. Biza ita ce ta shigowa, kuma kowace da dalilinta: ta ziyara, ta karatu, ta aiki. Izinin aiki shi ne yake cewa za ka iya karɓar albashi. Nawa ma a ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauke ni, idan na bar su yau sai na nemi sabo, ko in tattara kayana. Na Tilo ma ina jin haka yake. Mijinta kuwa, tunda ɗalibi ne, an ƙayyade masa awowin da zai yi aiki, idan ya wuce ya shiga uku.

Kai taka ta ziyara ce. Mai ziyara ba ya aiki. Abin da suke so su gani shi ne kana da abin da zai mayar da kai gida: shago, sana'a, mutane masu jiran ka. Ka nuna musu kai mai sana'a ne a garinku, ba wanda zai zo ya maƙale ba.

Na tambayi abokan aikina a wajen cin abinci don in ƙara maka haske, sai suka ƙara mini duhu. Wata ta ce uwarta ta zo ba a tambaye ta komai ba sai sunan jikanta. Wani ya ce an hana ubansa saboda ya yi murmushi da yawa. Mai tuƙa motar ɗaga kaya ya rantse cewa dokar ta canza a bara, da na ce ta koma yaya, sai ya ce shi dai ya san ta canza. Ni kaina wanda ya cike mini fom na farko ya ce kaza, wadda ta karɓa ta ce ba haka ba, kuma dukansu da tabarau.

Ka dai faɗi gaskiya, ka taƙaita. Na san taƙaitawa ba halin danginmu ba ne, amma ka gwada.

Jikarka da aka yi wa kishiya

*

Zuwa ga Ɓarauniyar Fensir,

Bayan gaisuwa da fatan bayan ya yi sauƙi. Ki riƙa durƙusawa kafin ki ɗaga kwali, kada ki sunkuya. Ni gwiwa tana nan da halinta.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya, amma ta iso. Na karanta ta sau uku, na kuma karanta wa Tela. Na gane komai yanzu, Allah ya yi miki albarka. An sa mini ranar ganawa a ofishin jakadanci cikin mako mai zuwa.

Wuri ɗaya ne na tsaya na yi tunani, inda kika ce mai ziyara ba ya aiki. Da farko na ɗauka hani ne. Sai na ce a raina, wace ƙasa ce za ta hana mutum amfani? Na gane kuka kike yi da halin masu ziyara, waɗanda suke zuwa su miƙe ƙafa a kujera, a dafa a ba su, su bar mai gida da wahala. Shi ya sa ake hana su. Tela ma haka ya gani. Ya ce yana jin labari a rediyo, mutanen can tsufa ya kama su, hannu suke nema ido rufe.

To ni ba irin wannan baƙon ba ne. Tun ina yaro ban taɓa kwana gidan mutum na tashi ban gyara masa wani abu ba, ko ƙofa ko kujera. Mahaifina ya ce mini baƙon da ya ci bai motsa ba, da ya juya baya za a yi ta maganarsa. Saboda haka na shirya. Na sa an ɗauki hotunan aikina, ƙofofi da kabad da bencunan makarantarmu ta yamma. Zan nuna musu ba zan ci musu abinci a banza ba.

Tambaya ɗaya ta rage. Tunda kin ce kowace biza da dalilinta, babu ta kakanni? Idan babu, ya kamata a yi.

Gadon amarya ya kusa. Na goge shi da samfefa har ya yi santsi kamar kumatunta.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa a taƙaice, domin sauri nake yi. Wasiƙarka ta same ni yau, ban san ko wannan za ta riske ka kafin ka tafi ba.

Hani ne, Kaka. Hani ne sosai. Ba kuka nake yi da kowa ba. Kada ka ce musu za ka taɓa ko ƙusa ɗaya a nan. Hotunan ka nuna su a matsayin aikin da za ka koma ka tarar a gida.

Na kira wayarka sau da yawa. Sau ɗaya ka ɗauka, ina ta ihu ina cewa kada ka ambaci aiki, kai kuma kana cewa lafiya lau, lafiya lau, Allah ya yi albarka, ka kashe. Na nemi lambar Tela wajen Mama, ba ta da ita. Tilo kuwa ka ce kada a dame ta, kuma na ji tsoron tayar mata da hankali. Allah ya sa gidan waya ya yi sauri ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Jikarka

*

Zuwa ga jikata,

Ina gaishe ki. Jiki lafiya, zuciya ce ba daɗi. Gajeriyar wasiƙarki na tarar da ita a ƙarƙashin ƙofar shago bayan na dawo da kwana biyu.

Bari in ba ki labari yadda ya faru. Na sa rigata mai kyau, na ɗauki jakar hotuna, na saka ƙaramar gudumata a ciki, wadda na fi shekara talatin ina aiki da ita, don su ga ƙotarta yadda hannu ya cinye ta. Tun a bakin ƙofa mai gadi ya karɓe ta, ya dube ni ya dubi gudumar, ya ba ni 'yar lamba ya ce in karɓa idan na fito. A ciki kujeru ne a jere, an ɗaure su da juna, biyu daga ciki suna rawa. Na lura da su, na ce wannan ma wata dama ce.

Da aka kira ni, sai ga wata mata a bayan gilashi, da tafinta a gefenta. Mutuniyar kirki ce, har ta yi murmushi da na manna hoton amarya a gilashin. Ta tambayi wa zan je gani, na faɗa. Ta tambayi sana'ata, na zube hotuna. Sai ta ce, idan na je me zan riƙa yi da rana?

Na gyara tsayuwa na ce, "Ranki ya daɗe, ba zan zauna ba ko na yini ɗaya. Duk ƙofar da ta lalace a gidan 'yata zan gyara, da ta maƙwabta, da ta maƙwabtan maƙwabta. Idan 'yata ta koma aiki ni zan riƙe yarinya, ba sai sun biya gidan reno ba."

Tafintan ya tsaya ya dube ni, ya ce, "Baba, in faɗa mata haka?"

Na ce ya faɗa duka, kada ya rage. Matar ta tambaya ko maƙwabtan za su biya ni. Na ce ni ba na yanka wa maƙwabci farashi, abin da ya ba ni shi ke nan. Har na ƙara da cewa kujerunsu biyu suna rawa, idan an miƙo mini gudumata daga ƙofa zan gyara kafin in tafi. Ta yi rubutu mai tsawo, ta turo mini fasfona da wata takarda ta ƙasan gilashi. Na yi godiya sosai, na fito ina murna. Sai a shagon mai kwamfuta aka karanta mini. An hana. Wai sun gamsu cewa niyyata aiki ce.

To niyyata aiki ce mana. Abin da na kasa ganewa ke nan, 'yar nan. Ke an ba ki takarda don kina aiki. Tilo an ba ta don tana aiki. Ni an hana ni don zan yi aiki. Tela ya ce shi dama tun farko bai yarda da shawarar ba, na ce ya bar mini shago kafin in manta shekarunmu.

Akwai abin da ya fi wannan hana ni barci. Sunan Tilo yana kan takardar gayyata. Kin ce izininta a ɗaure yake kamar naki. Shin bakina ya jawo mata? Za su ce ta gayyato mai karya doka, su karɓe takardarta, ta fito titi da jaririya? Ta kira, na ce mata ana nan ana dubawa. Ban iya ƙarya ba, muryata ma ta san ban iya ba. Ki binciko mini wannan kafin komai. Idan zuwana zai cuce ta, na haƙura, a ci gaba da nuna mini yarinyar a waya.

Gadon na gama shi. Na rufe shi da zane, ba na son ganinsa.

Kakanki

*

Zuwa ga Kaka Kafinta,

Na gaishe ka, ina fata ka samu barci. Na ɗauki hutun rabin yini na je wani ofishi da suke ba baƙi shawara kyauta, na yi layi, na karanta wa matar wasiƙarka. Da na zo wajen kujeru masu rawa sai ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu. Ban san ko dariya take yi ba ko tausayi.

Ga amsa. A ganinta, hanin da aka yi maka bai taɓa izinin Tilo ba, tunda ita ba ta faɗi ƙarya ba, kai ma ba ka shigo ka yi komai ba. Za ka iya sake nema. Dole ka faɗa cewa an taɓa hana ka, ka kuma bayyana abin da ya canza. Ta ce dalilin dokar shi ne aikin da mai ziyara zai yi, akwai wani mai izini da zai ci abinci da shi. Na ce to ɗaukar jika fa? Ta ce ɗaukar jika ba aiki ba ne. Na ce reno fa? Ta ce idan reno ne don uwar ta tafi aiki, yana iya zama aiki. Na ce idan uwar ta shiga wanka fa? Ta ce wannan ba komai. Na ce idan ta je kasuwa ta daɗe? Sai ta juya hannu sama da ƙasa, ta ce ya danganta. Kaka, ita kanta ba ta san inda layin ya tsaya ba, kuma aikinta ke nan.

Na kira Tilo na gaya mata komai, ka yafe mini. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce dama ta san gudumar nan sai ta jawo magana wata rana. Za ta aiko sabuwar gayyata. Amma hutunta ya wuce rabi, ba ka da lokacin yin fushi.

Kada ka ce ka haƙura. Lokacin da babana ya kwanta ciwon ajali, takardata tana wajen sabuntawa, aka ce idan na fita ba lallai in dawo ba. Na ce bari in jira ta fito. Ta fito bayan an binne shi. Ni tawa ƙofar a kulle take, kai taka a buɗe take, abu ɗaya kawai ake nema, ka ce za ka zauna. Ka faɗa musu haka, ka zo.

Jikarka

*

Kaka,

Shiru ya yi yawa. Tilo ta ce gayyatar ta isa, amma idan ta tambaye ka a waya sai ka ce lafiya lau, Allah ya yi albarka. Wannan karon na san kana ji. Ka rubuto.

Jikarka

*

Zuwa ga Ɓarauniyar Fensir,

Gaisuwa da ban haƙuri. Allah ya jiƙan mahaifinki, na san shi, mutum ne mai sanyin hali. Maganarki ta shige ni. Lafiyata ƙalau, har na yi ƙiba, za ki ji dalili.

Ba fushi ne ya sa na yi shiru ba. Kin ce in faɗa musu zan zauna. To ni ban taɓa karɓar aiki na ce zan iya ba sai na san zan iya. Yaya zan tsaya gaban matar nan in ce zan zauna, alhali ban taɓa gwadawa ba? Sai na ce bari in gwada tukuna.

Na tattara zarto da guduma da sukundireba da duk wani abu mai ƙota, na zuba a akwati, na sa kwaɗo, na kai wa Tela makulli. Na ce ko na zo ina roƙo kada ya ba ni. Na fito da benci na zauna a ƙofar shago. Ranar farko kafin azahar na je wajensa sau biyu. Ya ce bai san wani makulli ba, yana ta taka kekensa yana waƙa. Bai taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Mutane suna wucewa suna tambaya ko ba ni da lafiya. Wata ta kawo kujera mai karyayyar ƙafa, na ce ta dawo bayan wata biyu, ta ajiye ta nan gabana ta tafi, kujerar tana kallona ina kallon ta. Hannuwana suka rasa inda za su sa kansu, har na kama kaina ina shafa bencin ina neman inda ƙusa ta fito.

Sai na ɗauko buhun garin katako ƙarami, na naɗe shi da tawul, na rungume. Da hannu biyu suka cika, sai zama ya yiwu. Tela ya tara mutane suna dariya, ya ce amaryar tawa ba ta da wuya. Ban kula shi ba. Na yi sati biyu a haka, sannan na ce wa mai kwamfuta ya cike sabon fom.

Wannan karon namiji ne a bayan gilashin, tafintan dai shi ne na da. Da ya gan ni ya ce, "Baba, yau dai a hankali." Mutumin ya karanta abin da aka rubuta a kaina, ya tambayi me ya canza. Na ce da ban san hani ba ne, na ɗauka ladabi ne in yi musu aiki. Ya ce to yanzu me zan riƙa yi da rana?

Na ce, "Zan zauna. Na gwada, na iya."

Ya nemi bayani, na ba shi labarin akwati da makulli da buhu. Tafintan yana fassarawa yana cije leɓe. Ya tambayi me zai dawo da ni gida, na ce akwai kujera mai karyayyar ƙafa tana jirana, da bencuna shida da makarantarmu ta ba ni aiki. Ya karɓi fasfona ya ajiye a gefensa. Na tsaya ina jira ya turo mini da takarda kamar wancan karon, sai tafintan ya ce in tafi, riƙewar ita ce alheri. Wato idan sun ba ka sun hana, idan sun riƙe sun ba ka. Na daina neman ganewa.

Fasfo ya dawo jiya da biza a ciki. Kujerun nan biyu har yanzu suna rawa, ban ce komai ba.

Kakanki

*

Zuwa ga tsohuwar Ɓarauniyar Fensir,

Ina gaishe ki daga ɗakin Tilo, a hawa na uku, kusa da taga. Mai jego lafiya, mijinta lafiya, gwiwata ba ta son matattakala amma ba a tambaye ta ba. Tilo ta ce in kira ki a waya tunda yanzu ƙasa ɗaya muke. Na ce da wasiƙa aka fara, da ita za a ƙare.

Na ɗauke ta, 'yar nan. Ta fi buhun nauyi, ta fi shi ɗumi, kuma tana da wuya, ki gaya wa duk mai tambaya. Da aka miƙo mini ita na rungume ta, na sunkuya ina shaƙar ƙanshin kanta. Saura kwanaki a hutunta, amma sun ishe ni.

Gadon na zo da shi. Kafin in taso na warware shi gunduwa-gunduwa, dama da turakun katako na haɗa shi, ba ƙusa, aka ɗaure a jaka. A nan sai tambaya ta taso, wa zai haɗa? Tilo ta ce haba Baba, gadon jikarka a cikin ɗakin 'yarka, wa zai kira wannan aiki? Mijinta ya duba a waya ya ce wasu sun ce ba komai, wasu sun ce ya danganta. Wataƙila da gaskiyarsu. Amma ni na ce wa mutumin nan zan zauna, ban ce masa sai dai gado ba.

Saboda haka surukina ya zauna a ƙasa da katako, ni ina kujera da amarya, ina faɗa yana yi, tunda ba a hana baki ba. Ya yi ƙoƙari, yaron kirki ne, ya buga turakun da ƙasan kofi. Ƙafa ɗaya ce ba ta zauna sosai ba, gadon yana ɗan rawa idan an taɓa. Na san abin da ya rage, bugu biyu ne. Ƙofar kabad ɗin kicin ma a karkace take, ina ganinta daga nan inda nake zaune. Na dube su, na dubi abin da ke hannuna, na bar su. Jiya Tilo ta kwantar da ita a gadon tana kuka, ta sa ƙafa tana ɗan taɓa shi, gadon yana rawa, yarinya ta yi barci. Yanzu an hana kowa gyara shi.

Idan kin samu hutu ki zo, akwai tabarma, kuma ina son in ga yadda kika girma. Ki taho mini da fensir, domin wanda nake rubutu da shi ba zai kai gobe ba. Tana kan cinyata, tun ɗazu take miƙa hannu, yanzu ta kama gindinsa ta ƙi saki, shi ya sa kika ga layin nan ya gangara ƙasa. Wannan karon ina da shaidu biyu.

Kakanku, yana zaune